Shekarar da Baba Ya Bar Cin Miyata

Tun da mahaifiyarmu ta rasu, ni nake kai wa Baba tuwon yamma. Lungu ɗaya ne ya raba gidan mijina da gidanmu a Dungas, saboda haka kullum kafin magariba sai in yafa mayafi in ɗauki akushi in tsallaka. Ba wanda ya ɗora mini wannan aiki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, ni kuma na ɗauki abin da gaske.

Ba yabon kai ba, na iya miya. Daddawata ni nake yin abata da ƴaƴan yakuwa, in dafa, in rufe kwanaki har ta yi, in daka, in shanya. Idan na kaɗa kuka na sa mata barkono da albasa da ɗan busasshen nama, maƙwabta sun san yau me aka ɗora a gidana. Baba yakan ci a zaure tare da amininsa, wani tsohon wanzami da suka tashi tare, ya bar ɗan saura a yi masa ɗumame da safe. Washegari in zo in ɗauki akushina a wanke.

A gidan akwai matar ƙanena. Daga Yekuwa aka kawo ta, yarinya mai sanyin hali, ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta da yawan magana. Mijinta yana aikin jinya a likitar Magarya, wato asibitin garin, sai bayan mako biyu ko uku yake leƙowa, ita kuma aka bar ta tana kula da Baba, ta yi masa kunun safe da furar rana. Komai nata da tsabta, amma miyarta ba a cewa komai. Salam take, kamar an nuna wa ruwan zafi kuka daga nesa. Nakan tsokane ta, in ce, "Matarmu, gishirin ne ya yi tsada ko hannun ne ke ciwo?" Sai ta rufe baki da gefen zane tana dariya, ta ce, "Yaya, ai ku ne manya." Ina son ta a lokacin, so mai sauƙi, don ban taɓa zaton za mu haɗa hanya a kan wani abu ba.

Shekara biyu bayan farin nan da ya ƙarar da dabbobi, ciwon ciki ya kama Baba. In ya ci abinci sai ƙirjinsa ya ɗauki zafi, ya yi ta gyatsa mai tsami yana dafe da ciki. An yi jiƙo, an sha kanwa, an sha rubutu, ƙanena ya kawo wani farin magani a kwalba. Abin yakan lafa ya dawo.

Rannan ƙanena ya zo da wani ɗan littafi na Faransanci mai jan bango. Ya ce wani Bature da ke koyarwa a Magarya ne ya ba shi, mutumin ya taɓa zama a ƙasar Indiya, can ya koyi wata hanyar motsa jiki da tsarin cin abinci da suke kira yoga, kuma da ita ya rabu da irin wannan ciwon. Shi ƙanen nawa an tura shi ƙarin karatu Yamai na wata shida, jibi zai tafi. Ya miƙo mini littafin, ya nuna matarsa da haɓa ya ce, "Yaya, ke kika yi kwalej. Ki karanta wa Baba wurin abincin, ki faɗa wa wannan abin da za ta dafa."

Na ji daɗi ƙwarai. Shekara huɗu na yi a kwalej a Damagaram, amma tun da na yi aure Faransancina bai wuce karanta takardar magani da wasiƙun maƙwabta ba.

Da hantsi muka zauna a inuwar dogon yaro a tsakar gida, Baba a kan buzunsa, matar ƙanena tana gefe tana tsefe zare. Baba ya fara duba hotunan. Ya ga wani siririn mutum ya kafa kai a ƙasa ƙafafu a sama, ya juya littafin, ya sake juyawa.

"Wannan bawan Allah laifin me ya yi?"

"Motsa jiki ne, Baba."

"To, wannan ɓangaren a bar wa masu shi. Akwai bautar wani abu a wurin abincin?"

Na duba na ce babu. Duk da haka sai da ya tambayi liman daga baya, liman ya ce marar lafiya yana iya barin abin da ke cutar da shi, muddin bai kira halal haram ba.

Littafin ya kasa abinci gida uku. Akwai mai sanyaya jiki da kwantar da hankali, irin su hatsi, wake, madara, man shanu, zuma, kabewa, ganye da ƴaƴan itace, da sharaɗin a dafa a ci a ranar. Akwai mai tayar da jini, wato barkono da yaji, gishiri mai yawa, abu mai tsami sosai, da abin da aka soya. Na ukun shi ne mai sa nauyin jiki da kasala. Ina karantawa ina juyawa da Hausa, har na ji muryata tana raguwa: nama, albasa, tafarnuwa, abincin da ya kwana, da duk abin da aka rufe aka bari ya ruɓa kafin a ci.

Baba ya ce, "Ɗumame ya tafi ke nan."

"Haka ya ce."

"Daddawa ma ta bi shi."

Na ce da sauri, "Bai ambaci daddawa ba, Baba. Mutanen Indiya ina suka san daddawa?"

"Uwata, hancinki bai gaya miki yadda ake yin ta ba?" Ya yi dariya, ya laluba aljihu. "Goro fa? Ya san goro?"

"Bai san shi ba."

"Madalla. Kada ki gaya masa." Ya ɓare goronsa ya jefa a baki.

Kowa ya yi dariya, har da ni. Sai da na tsallaka lungu na shiga madafina, na dubi tukunyar daddawa da ragar albasa da barkonon da na shanya, sannan na gane abin da na karanta da bakina. Duk abin da ya sa miyata ta zama miya yana cikin gida na biyu da na uku. Abin da ya rage a gida na farko kuwa, shi ne abin da matar ƙanena ta daɗe tana dafawa muna yi mata dariya.

Ban daina kai akushi ba. Na cire albasa, na rage barkono, amma daddawa na ci gaba da sa ƴar kaɗan, don hannuna ya ƙi kaɗa kuka babu ita. Kullum akushin yana dawowa a wanke. Na ce a raina, ai dama na sani, littafi daban, bakin Baba daban. A ɗaya ɓangaren kuma ciwon yana sauƙi. Gyatsar ta ragu, ya koma zuwa gona, mutane suna ta barka. Na bar abin a haka, ina ganin ni da Baba muna da wani ɗan sirri tsakaninmu.

Kusan wata biyu ana haka, ranar kasuwa na haɗu da tsohon wanzamin a bakin lungu, da zabirarsa a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi.

"A'a, uwar gida! Allah ya yi miki albarka. Dubi wuyana, kin gan shi? Duk aikinki ne. Tun da abokina ya shiga addinin kabewa, ni kaɗai nake fama da akushin nan. Ko buɗewa ba ya yi, turo mini yake a rufe. Na ce masa, kai, bara waccan dusa muke nema mu ci, yau kai ne mai zaɓe? Ya ce in ci in yi shiru. Jiya dai daddawar ta yi kaɗan, a ƙara."

Na yi murmushi, na ce to Baba, za a ƙara. Ban san yadda na isa gida ba.

Da yamma na kai akushin kamar kullum, amma maimakon in juya sai na shige cikin gida na tsaya bayan zanan da ke kusa da ƙofar zaure. Matar ƙanena ta fito da kwano a rufe da faifai, ta durƙusa ta ajiye. Wake ne da kabewa, an dafa su sun yi lugub, ta zuba man shanu a kai yana narkewa. Na ji Baba yana cewa, "Sannu ƴata. Wallahi tun da nake ban san wake yana da zaƙi haka ba, ashe yaji ne ke rufe shi. Allah ya ba ki masu yi miki." Na ji ƙarar cokalin itace yana kankare gindin kwanon.

Ni ban taɓa jin kishi irin na wannan rana ba. Yarinyar ba ta ƙwace mini komai ba, ba ta ma san an yi wata gasa ba. Abin da take dafawa jiya shi take dafawa yau. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da ta yi wani ƙoƙari, da ta koyi wani abu, da na ce ta fi ni himma. Ni na shekara goma sha wani abu ina gyara hannuna, ita kuwa rashin iyawarta ne aka zo har gida aka naɗa. Na yi sallar magariba ina karanta fatiha, zuciyata tana kan man shanun nan da ke narkewa.

Bayan kwana uku na ɗauki littafin na tafi gidan da hantsi. Na ce na ci gaba da karatu, na tarar da wani shafi a can baya da ban gani ba. Na buɗe wani wuri da ke maganar yadda ake jan numfashi, na ɗora yatsa a kan layin kamar mai bi da gaske, na ce littafin ya ce mai ciwon ciki ya bar wake, ya bar man shanu, madara ma sai kaɗan.

Baba ya ce, "Har waken?"

"Haka ya ce, Baba."

"To. Shi ya sani. Ya yi mini rana a baya, ba zan yi masa gardama yanzu ba."

Matar ƙanena ta ɗago ta dube ni, ba da zargi ba, irin duban mai jiran a gaya mata abin yi. Ta ce, "Yaya, to me zan riƙa dafawa?" Na ce kunu da kabewa da ganye, da tuwo da miya marar komai. Ta ce to.

Abin da na ƙudura shi ne Baba ya gaji. Na ce mako ɗaya zai yi yana shan ruwan kabewa ya jefar da littafin, ya ce Uwata kawo miyarki, mutuwa ɗaya ce. Na manta halin mutumin da ke kirana Uwata. Baba in ya riƙe abu ya riƙe ke nan. Azumin nafila ma in ya ɗauka, ko baƙo ya yanka masa rago ba ya karyawa.

Lokacin kaka ne, ana girbin gero, wake ya cika gari yana araha, shi kuwa yana wuni a gona da kunu tsararo a cikinsa. Mako uku, huɗu, na ga rigarsa ta fara yi masa yawa, ƙasusuwan wuyansa sun fito. Na gani, ba zan ce ban gani ba. Kullum in ce gobe zan ce na sake dubawa, na yi kuskure. Gobe ta yi in ji ya ce mata "sannu ƴata" a kan ruwan kabewar ma, sai bakina ya rufe.

Maganar ta fara yawo a bakin rijiya. Gwaggonmu ta zo daga Kwaya ta gan shi, ta saki salati a tsakar gida, ta ce an kawo yarinya daga ƙauye tana kashe mata ɗan'uwa da yunwa, ga ƴarsa ta cikinsa da ta iya girki an ture ta gefe. Ina tsaye ina ji. Allah ya yafe mini, maganar ta yi mini daɗi. Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, tana iya ƙoƙarinta," da irin muryar da ke ƙara wa wuta itace.

Ranar wata Juma'a jiri ya ɗebe shi a sahu, ya ƙarasa sallar a zaune, mutum biyu suka rako shi gida.

Washegari da safe ina shara sai ga matar ƙanena ta yi sallama. Ba ta cika fita ba, sai da dalili. Idanunta sun kumbura. Ta zauna a bakin tabarma ta kwance gefen zanenta, ta fito da littafin da na baro a gidan, a naɗe cikin wani tsumma mai tsabta kamar abin da ake tsoron ya taɓa ƙasa.

"Yaya, don Allah ki ƙara dubawa. Ko akwai wani abu da ya yarda a ci wanda bai zo a wurin da kika karanta ba. Ni ban san baƙi ba, da na duba da kaina. Jiya na zauna ina ta buɗe shi ina kallon hotunan ko zan ga hoton abinci." Ta share hanci. "Ba maganar mutane ce ta dame ni ba. In ya ɗaga kwanon kunu hannunsa rawa yake. Ke kaɗai gare mu, Yaya."

Na karɓi littafin. Na buɗe shafin farko na abincin, inda wake da man shanu da madara suke zaune a gida na farko tun ranar da aka buga shi. Ina iya cewa ga wani sabon wuri na gani. Ta buɗe mini ƙofar da kanta, kuma ba mai ganewa sai mijinta ya dawo, shi ma da wuya ya bi diddigi. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka, sai na ji na kasa, don ta matso kusa tana leƙen shafin tare da ni, kanta yana taɓa kafaɗata.

Na ce, "Babu wani shafi a baya. Ni na ƙirƙira. Bai hana wake ba, bai hana man shanu ba."

Ba ta gane ba da farko. Ta ce, "Kuskure kika yi?"

"Ba kuskure ba ne."

Sannan ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Bari in je in jiƙa wake." Ko kallona ba ta sake yi ba.

Na bi bayanta. Baba yana kwance a zaure a kan buzu, shi kaɗai. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa masa duka, har da tsayuwar da na yi bayan zana. Ina magana ina kuka, shi yana jan carbi, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Saboda miya?"

Na ce, "Saboda kai, Baba."

"Ni na je wani wuri ne?"

Ya tashi zaune da ƙyar, ya miƙo hannu. Na zaci kaina zai dafa. Littafin yake nufi. Na ba shi, ya tura shi ƙarƙashin buzu.

"Ni ban iya karatun Nasara ba, ita ma ba ta iya ba. Abin da kika ce yana ciki, shi ne yake ciki a wurinmu. Ki nemi gafarar Allah, ni na yafe. Yarinyar nan kuma da aka zaga a tsakar gidana, wannan tsakaninku ne. Littafin zai jira mai shi ya dawo. Tashi ki je, Uwata, mijinki zai nemi abin kari."

Bai sake ba ni wata takarda in karanta masa ba. Ko takardar magani ce sai ya ajiye ta har ƙanena ya zo, ko ya aika wa malamin lakwal. Bai taɓa cewa ga dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Na nemi gafarar matar ƙanena a madafi tana hura wuta. Ta ce, "Ya wuce, Yaya," ta ci gaba da hura wutarta. Na ce zan je Kwaya in gaya wa Gwaggo gaskiya. Ta ce kada in je, a bar shi a kan an yi kuskuren karatu, Faransanci ai wuya gare shi. Haka ta gaya wa mijinta da ya dawo, haka gari ya ɗauka. Gwaggo har ta rasu tana cewa yarinyar nan ta kusa kashe mata ɗan'uwa, ita kuma ba ta taɓa buɗe baki ta wanke kanta ba. Na so a ce ta yi mini gori ko sau ɗaya. Da na samu abin riƙewa. Sai ya zama bayan girkin ma ta fi ni wani abu, kuma wannan karon ba littafi ne ya ba ta ba.

Baba ya murmure cikin ƴan makonni da wake da man shanu da madarar safe. Na gwada dafa irin nata a gidana, ba daddawa, ba albasa, gishiri ɗan kaɗan, na kai masa. Ya ci loma biyu don kada in ji kunya, ya ce, "Da daɗi, Uwata, sai dai tukunyarki ta riga ta sha yaji, yana fitowa." Na sayi sabuwar tukunya. Ya ce wannan kuma ƙasa-ƙasa take yi. Daga nan na gane, na bari.

Abin da na koma yi shi ne, bayan la'asar in ɗebi wake daga rumbunmu in tsallaka da shi ɗanye. In zauna a ƙofar madafinta da faifai a cinya in tsince shi tsaf, in fitar da tsakuwa da mai ƙwari, in miƙa mata ta jiƙa na gobe. Muna hira sama-sama, ta haihuwa da ta farashin atamfa. Tsokanar gishiri dai ban ƙara yi mata ba.

Wata rana ina nan zaune ta kai masa kwano, na ji ya ce, "Kwanan nan ko tsakuwa ɗaya ba na taunawa a waken nan. Wa ke tsincewa?"

Ta ce, "Yaya ce, Baba."

"Madalla da Uwata." Na tsayar da hannuna a kan faifan ina jira ko zai ƙara wani abu. Cokali ya yi ƙara sau biyu, sau uku. Sai ya ce, "Ƴata, in da saura a tukunya ƙaro mini kaɗan, ki sa man da ɗan yawa."

Ta fito da kwanon ta wuce ta gabana. Na janye ƙafata don ta samu hanya.